Me Ya Sa 'Yan Tsakin Kajin Gida Ba Sa Saurin Girma?

Tambaya: Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya a makon da maƙwabcina ya sayo 'yan tsakin gidan gona irin na nama. Yau mako shida ke nan, nasa sun isa yanka, nawa kuwa huɗu sun mutu, sauran bakwai ɗin ko girman tattabara ba su kai ba. Tsakin masara da dusa nake ba su, suna kuma bin uwarsu kiwo. Shin ciwo ne yake damunsu, ko akwai maganin saurin girma da ya kamata in saya?

Amsa: Hajiya, babu wani magani a kwalba ko a leda da zai sa tsakon kazar gida ya kamo na gidan gona, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi, kuɗinki yake nema. Abubuwa biyu ne suka haɗu a kan 'yan tsakinki, kuma wajibi ne a raba su kafin a san abin yi. Na farko shi ne gado, wato iyakar girman da jininsu ya ba su, wanda ba ki da iko a kansa a wannan ƙyanƙyasar. Na biyu shi ne abinci da ɗumi da kariyar da suka samu a makonnin farko, wanda yake hannunki baki ɗaya. A gidajen da nake zagayawa, na biyun ne yake cin mafi yawan girman da ake asara, amma na farkon ake ɗora wa laifi.

Kajin maƙwabcinki ba ma'auni ba ne da za ki auna naki da su. An shafe shekaru fiye da sittin ana tace irinsu don abu ɗaya tak, wato tara tsoka cikin gaggawa. Masu bincike a Jami'ar Alberta da ke Kanada sun taɓa kiwon iri uku na kajin nama a wuri ɗaya da abinci iri ɗaya, suka fitar da sakamakon a 2014: irin da aka adana tun 1957 ya kai giram 905 a kwana 56, na 1978 ya kai giram 1,808, na 2005 kuwa ya kai giram 4,202. Abinci ɗaya, kwanaki ɗaya, amma nauyi ya ninka fiye da sau huɗu, saboda haka bambancin daga jini yake. Sai dai wannan kaza da ta wuce kilo 2 a mako shida ta ci abincin buhu kimanin kilo 4 kafin ta kai haka, ba ta kwanci, ba ta iya gudun shirwa, kuma da za a sake ta a tsakar gidanki ta nemi abinci da kanta da ba za ta daɗe ba. Ita kuwa kazar gida, ba mutum ne ya tace irinta ba, yunwar bazara da annobar hunturu da shirwa da muzuru ne suka tace ta. Wadda ta tsira a irin wannan yanayi ita ce mai ƙaramin jiki wadda abinci kaɗan yake isarta, mai sauƙin tashi, mai kaifin ido. Jinkirin girmanta ba ciwo ba ne.

Tun daga ƙwai ake fara samun ratar. Tsako yakan fito da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwan da aka ƙyanƙyashe shi. Ƙwan kazar gida yakan kasance tsakanin giram 35 da 45, don haka tsakonta yakan fito da giram 25 zuwa 30, alhali na gidan gona yana fitowa da giram 40 ko fiye. Wannan yana da amfani a aikace: idan za ki sa wa kaza ƙwai ta kwanta, ki zaɓi cikakku masu ƙwarin ɓawo daga kazar da ta riga ta yi zubi ɗaya ko biyu, ki bar ƙananan ƙwayayen da sagara take fara zubawa, domin tsakon da ya fito daga ƙaramin ƙwai yakan daɗe yana bin 'yan'uwansa a baya.

Makon farko shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gab da ƙyanƙyasa, bayan kwana 21 na kwanci, tsako yakan janye ragowar gwaiduwa zuwa cikin cikinsa ta cibiya, kuma wannan guzuri yana iya riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba tare da ya ci komai ba. Daga nan ne mutane suka ɗauka cewa sabon tsako ba ya bukatar abinci. Gaskiya ne ba zai mutu ba, amma a waɗannan kwanaki hanji da ƙundu da hanta suke girma fiye da kowane sashe na jikinsa, kuma shigar abinci ce take tayar da su aiki. Tsakon da ya fara ci da sha a ranar farko hanjinsa yakan buɗe da wuri, ya kuma shanye gwaiduwar da sauri, wadda a cikinta ne garkuwar da ya gada daga uwarsa take. Haka nan yawan zaren tsokar jikinsa an riga an ƙayyade shi tun yana cikin ƙwai. Abin da yake faruwa bayan ƙyanƙyasa shi ne kaurin zaren, kuma ƙwayoyin da suke wannan aiki sun fi kuzari a kwanakin farko. Idan yunwa ta same shi a lokacin, ba a cika maido da abin da ya wuce ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa masu kiwo. Da yamma, bayan kwana ɗaya da fara ba su abinci, ki ɗauki tsako a tafin hannu, ki sa ɗan yatsa a gindin wuyansa ta ɓangaren dama, inda jakar abincinsa take. Idan kin ji wurin ya cika kuma yana da laushi kamar kunu mai kauri a cikin leda, ya ci ya sha. Idan kin ji tauri har kina jin ƙwayoyin tsaki ɗai-ɗai, ya ci amma ruwa bai ishe shi ba. Idan kuwa wurin fayau yake, wannan tsakon yana bukatar ki tsoma bakinsa a ruwa ki ajiye shi gaban abinci da kanki. Ruwan kuma a faffadan murfi za a zuba, a jera tsakuwa a ciki, saboda tsakon da ya faɗa kwano ya jiƙe sanyi yakan kashe shi ko da bai nutse ba.

Batun sanyi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ɓarawon girma da ba a gani. Tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai kimanin mako biyu, kuma ba ya samun cikakkiyar kariya sai gashinsa ya rufe shi, wajen mako biyar zuwa shida ko ma fiye. A makon farko yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ana rage kimanin digiri 3 kowane mako. Uwa tana ba da wannan ɗumi ne kawai idan ta zauna. Kazar da aka sake da asuba tana jin yunwa ba za ta zauna ba; za ta ja 'ya'yanta cikin raɓa tana tono, su kuma suna binta suna kuka, ɗan abin da suka tsinta yana tafiya wajen ɗumama jiki da tafiya maimakon ya zama tsoka. Kukan tsako mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, tare da cunkushewa wuri ɗaya da sakin fukafukai, alamar sanyi ce. Gashin kansa yana da tsarin fitowa: na fiffike ne yake fara bayyana tun makon farko, sai na wutsiya da kafaɗu, sai ƙirji da baya, na kai da wuya su zo ƙarshe. Gashi kusan dukkansa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, saboda haka tsakon da ya kai mako shida bayansa a tsiraice, fukafukansa sun yi tsawo sun fi ƙarfin jikinsa har suna jan ƙasa, yana shaida miki cewa abincin gina jiki bai ishe shi ba.

Jikin kaza ba ya girma gaba ɗaya a lokaci guda. Kayan ciki da garkuwa ne suke fara ginuwa, sai ƙashi, sai tsoka ta hau kan ƙashin, kitse da kayan haihuwa su zo a ƙarshe. A kajin ƙwai da aka yi wa awo sosai, mafi yawan tsawon ƙashi yakan kammala ne a mako 12 zuwa 14, kuma kazar gida ba ta yi nisa da haka ba, ko da takan ɗan jinkirta. Ma'anar wannan ita ce, kazar da ta tsumbure a watanni ukun farko, ko an cika ta da abinci daga baya ƙiba kawai za ta yi a kan ƙaramin ƙashi. Za ta riƙa zuba ƙananan ƙwai, su kuma su ba da ƙananan 'yan tsaki. Wannan ne ya sa ban cika damuwa da nauyi kaɗai ba idan aka miƙo mini tsako. Ƙwaurinsa nake fara dubawa, in ga ko yana da tsawo da kauri da sheƙi, ko kuwa siriri ne busasshe. Daga nan sai in shafa ƙashin ƙirjinsa da babban yatsa. Idan yana da kaifi kamar bakin wuƙa babu tsoka a gefensa biyu, akwai yunwa ko tsutsar ciki. Idan ya karkace, ƙashin bai samu sinadaran gina ƙashi, wato kalsiyam da fosfaras, da hasken rana yadda ya kamata ba a lokacin da yake ɗanye.

Yanzu sai abincin da kike ba su. Tsakin masara abinci ne na ƙarfi, amma furotin da ke cikinsa bai wuce kashi 8 zuwa 10 cikin 100 ba, dawa da gero sun ɗan ɗara shi kaɗan, dusa kuwa ta fi yawan ƙaiƙayi, ƙaramin hanji ba ya iya tatsar abin kirki daga cikinta. Tsako yana bukatar kashi 18 zuwa 20 cikin 100 a makonni takwas na farko. Ashe ke nan rabin abin da suke bukata kike ba su, sauran rabin kin bar wa sa'ar kiwo. Da damina da kaka sa'ar takan yi kyau, saboda akwai ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye da hatsin da ya zube a masussuka. Da rani kuwa tsakar gida ƙasa ce kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi abincin farko na buhu, wanda masu shago ke aunawa a kwano, domin tsakon gida ɗaya ba ya cin abin da ya wuce kilo 1 zuwa 1.5 daga ƙyanƙyasa zuwa mako takwas, kuma wannan ɗan kuɗi ne idan aka kwatanta da farashin zakara ɗaya a kasuwa. Idan za ki haɗa da kanki, ki auna kashi shida na masara, kashi uku na waken soya, da kashi ɗaya na dusa, ki ƙara ɗan garin busasshen kifi da garin ƙashin da aka ƙone aka daka, da gishiri rabin ƙaramin cokali a kowane kilo, a ɓarza shi kada ya yi laushi kamar garin tuwo. Waken soya dole a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana narkewar furotin, sai ki ga ana ci ba a girma. Tunkuza ma tana yi, muddin ba ta yi fumfuna ba, saboda gubar fumfunar gyada da ta masara tana lalata hantar tsako. Abu ɗaya da ba na son ki kuskura shi ne ba su abincin kaji masu ƙwai don kin same shi da araha: kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, tsako kuwa kimanin kashi 1 yake bukata, rarar tana illa ga ƙodarsa.

Iyayenmu sun san maganin wannan giɓi tun kafin a kawo abincin buhu, wato gara. Ana samun tsohuwar tukunya a cika ta da busasshen kashin shanu da gutsattsarin kara da totuwar masara, a yayyafa ruwa ya yi danshi, a kife ta da yamma a kan hanyar gara kusa da suri, a rufa mata wani abu don inuwa. Da hantsi idan aka ɗaga, za a tarar gara ta cika ta tana cin karan. Sai a zazzage a gaban 'yan tsaki, ki ga yadda suke rububi har uwar tana kiran waɗanda suka yi nisa. Ƙananan farare su ne abin nema. Manyan masu jan kai da ƙarfin baki a guje su ga tsakon da bai yi ƙwari ba, don suna iya cizonsa a maƙogwaro. Tukunya biyu ko uku da ake juyawa kullum sun ishi 'yan tsaki goma.

Abincin kuma sai ya isa bakin wanda aka yi dominsa. Idan aka watsa shi a tsakar gida, manyan kaji da agwagi ne za su cinye. Ki kife babban kwando ko akurki mai ƙofofi ƙanana waɗanda tsako kaɗai zai iya shiga, ki sa abinci da ruwa a ciki. Mafi kyau ma a tsare uwa da 'ya'yanta a wuri busasshe na tsawon mako huɗu zuwa shida, ana fito da su hantsi su sha rana a inda ido yake kansu. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma gudunta ba ya hana ɗauka, kuma a kiwon sake ba abin mamaki ba ne a rasa kusan rabin 'yan tsaki kafin su cika wata biyu. Huɗun da kika rasa cikin goma sha ɗaya suna cikin wannan lissafi.

Ciwo yana da nasa kason. Garkuwar da tsako ya gada ta cikin gwaiduwa takan ƙare a mako na biyu zuwa na uku, daidai lokacin da tasa ba ta gama ginuwa ba. Annobar Niyukasil, wadda takan share kajin unguwa da hunturu, ba ta da magani sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka matan unguwa su haɗa kuɗi a yi wa kowa rana ɗaya. Kashin jini tsakanin mako uku da shida, musamman da damina a wuri mai danshi, yana gurje hanji ya bar tsako a tsumbure ko ya warke. Tsutsar ciki da ƙwarƙwata da ƙumar da ke maƙalewa a gefen ido ba su cika kashewa ba, amma suna raba abincin da tsako. Kafson mutane da ake fasawa a zuba a ruwan kaji ba ya kashe tsutsa, ba ya kuma taɓa Niyukasil. Yana ma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Domin ki san inda kike, ki riƙa awo. Ƙaramin sikelin kicin ya isa: ki sa su duka a kwali ki auna, ki cire nauyin kwalin, ki raba da yawansu, rana ɗaya a kowane mako. Tsakon gida da ya samu kulawa yakan kai giram 350 zuwa 500 a mako takwas, wanda aka bar wa kiwon sake kuwa sau da yawa yana tsakanin 200 da 300. Girman yakan fi sauri daga wata na biyu zuwa na huɗu, sannan ya lafa yayin da suka doshi balaga. Wajen mako shida zuwa takwas za ki fara bambance maza, saboda zankonsu yana yin ja, ƙwaurinsu yana kauri, suna kuma wuce matan a nauyi. A wata biyar ana sa ran kimanin kilo 1, sagara kuma ta fara ƙwai tsakanin wata biyar da bakwai gwargwadon abincin da ta samu.

Shi ma gadon ana iya gyara shi, sai dai a hankali. Kajin gida ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda ake samu a rugagen Fulani sun fi na kudancin Nijeriya girman jiki da tsawon ƙafa. Masu tsiraicin wuya gashinsu ya fi ƙaranci, don haka suna jure zafin bazara kuma ba sa kashe furotin mai yawa wajen yin gashi, ko da yake 'yan tsakinsu sun fi jin sanyi. Durgu kuwa ba a yi mata hukunci da tsawon ƙwauri, haka halittarta take. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda muke lalata irinmu da hannunmu: idan Sallah ta zo ko baƙo ya sauka, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa, a bar tsumburarren ya hau kaji, shekara da shekaru, kuma yawanci 'yan'uwansa ne da uwarsa. Ki juya wannan al'ada. Wanda ya fi saurin girma a wata uku shi za ki ɗaura wa zare a ƙafa ki ajiye, kuma duk shekara ki yi musayar zakara da wani gida mai nisa, ki keɓe baƙon mako biyu kafin ki haɗa shi da naki. Akwai kuma irin da aka inganta, kamar FUNAAB Alpha na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta, da Noiler, da Shika Brown mai ƙwai daga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya. Na biyun farko sun fi kazar gida saurin girma nesa ba kusa ba, amma cikinsu ya fi girma, kuma ba a dogara da su wajen kwanci, don haka ko kin kawo zakaransu kada ki rabu da kajinki masu kwanci da reno.

Su kuwa bakwai ɗin da ke hannunki, mako shida bai makara ba, domin ƙashinsu yana da sauran mako shida zuwa takwas na ginuwa. Ki auna su gobe ki rubuta. Ki sauya musu abinci a hankali cikin kwana uku zuwa huɗu, kina cakuɗa sabon da tsakin da suka saba, ki ƙara musu gara da yankakken ganyen zogale. Ki kai ɗaya ko biyu wurin ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba kashinsu da ƙarƙashin fukafukansu, ya ba su maganin tsutsa gwargwadon nauyinsu, a kuma ɗiga musu rigakafin Niyukasil bayan kin ga sun warware, domin ba a yi wa tsako marar lafiya rigakafi. Idan bayan mako biyu kowannensu yana ƙara giram 50 ko fiye a mako, sun kama hanya. Wanda ya tsaya cik alhali 'yan'uwansa suna gaba, ki ware shi ki ciyar da shi don tukunya, kada ki bar shi ya zama iri.